Fensirin Bayan Kunne

Duk mai aikin wutar lantarki a garin Amarillo, in ka leƙa bayan kunnensa sai ka ga fensir, faffaɗan nan na kafintoci. Mutane ne da ba sa jin kunyar rubutu a kan komai. Bango ne, katako ne, murfin akwatin wuta ne, da zarar an kira su ana faɗa musu lamba, abin da ke kusa da hannu shi ne takarda. Royce Tackett kuwa ya fi kowa wannan cuta, don matarsa Darla ta taɓa tarar da lissafi a jikin firijinta.

Shi kuma littafin ƙa'idojin aikin wuta, wanda ake shiga jarrabawar lasisi da shi, yana da doka. An yarda ka shafa launi a kan layin da kake so. An yarda ka manna 'yan kunnuwan leda a gefen shafi don saurin buɗe babi. Rubutun hannu ne ba a yarda da shi ba, ko harafi ɗaya. In aka gani a ƙofa, a karɓe littafin ka shiga hannu biyu. In kuwa sai kana ciki aka gani, sunanka mai satar amsa, a soke jarrabawar, a daɗe ba a bar ka ka sake zama ba.

Royce ba shi da lokacin wannan jira. Tun yana saurayi yake aiki a shagon tsoho Hollis, kuma da lasisin Hollis shagon yake tsaye. Sai ga shi ɓarin jikin tsohon ya shanye. Hukuma ta ce ko wani a shagon ya samo lasisin babban ma'aikaci kafin ƙarshen bazara, ko a rufe. Kowa ya juyo ya kalli Royce. Shi kuwa sau biyu yana faɗuwa jarrabawar nan. Ba don bai iya aiki ba. Takarda ce ke razana shi, in ya ga agogo na tafiya sai layukan su riƙa rawa a idonsa.

Saboda haka ya ɗauki littafin nan tamkar jinjiri. Duk ranar Lahadi bayan coci suna teburin kicin shi da Darla, ita tana manna kunnuwa, shi yana shafa launi, ruwan ɗorawa a kan jadawali, kore a kan wuraren da doka ta yi togaciya. Kafin ya zauna sai ta miƙa masa hannu.

"Kawo."

"Me kuma?"

"Abin bayan kunnenka. Na san halinka, kai da za ka iya rubutu a goshin limamin coci in ya tsaya kusa."

Sai ya cire ya ba ta yana ƙunƙuni. A hankali littafin ya yi kauri, ya yi gashi-gashi da kunnuwa, har Royce ya kai in an ce masa babi kaza, yatsansa ya riga idonsa zuwa. Karo na farko ke nan da ya ji ƙila zai iya.

Ranar jarrabawa abokin aikinsa Beto ne ya kai shi a a-kori-kurar shago. Sun tsaya a gaban ginin, Royce ya kasa shan kofinsa, Beto na ta zuba don ya kwantar masa da hankali.

"Haba tsoho, saki ranka. Kai da ka haddace littafin nan kamar sunan matarka. Ka dai goge abin nan ko?"

"Wane abu?"

"Na ranar da muke aiki a wurin wankin motoci mana. Da mutumin kantin kayan wuta ya kira ka, ai littafin na kan cinyarka, a ciki ka rubuta."

Royce ya ajiye kofin. Sau ɗaya tak ya taɓa fita da littafin daga gida, don ya yi bita lokacin cin abinci. Ya tuna kiran. Ya tuna yana maƙale da wayar a kafaɗa. Rubutun ne bai tuna ba, don hannunsa ba ya neman izininsa.

"Kai Beto, kada ka yi mini wasa da wannan."

"Na rantse. Ni na zaci ka sani!"

"Wane shafi?"

"Ina zan sani? Tsakiya-tsakiya dai."

Littafin ya fi bulo kauri, takardunsa shara-shara masu manne wa juna. Royce ya hau buɗawa, launi na wucewa ta gabansa, ba ya ganin komai. Ya tsallake shafuka, ya dawo, ya manta inda ya tsaya. Yana cikin haka wani ma'aikaci ya leƙo ya ce masu jarrabawar safe su shigo, wanda ya makara ya rasa kujerarsa.

A ciki wata mata ce a teburin bincike, Madam Ledbetter, mai tabarau a ƙarshen hanci. Ba ta da mugunta, ba ta kuma da sauri. Mutumin da ke gaban Royce, wani dogo mai gemu, ta buɗe nasa littafin ta tsaya.

"Wannan fa, yallaɓai?"

"Sunana ne kawai, Madam, da 'yar lamba."

"Rubutu ne dai."

Ta ajiye littafin a bayanta. Dogon nan ya shiga ɗakin kamar wanda aka cire wa laka.

Royce ya yi tunanin ya faɗa mata, ya nemi abin gogewa. To amma ya goge ina? In ya buɗe baki za ta karɓe ne, kuma shi ba tare da littafin nan ba ya san sakamakonsa tun kafin ya zauna. Ya miƙa mata littafin. Ta lanƙwasa littafin, shafuka suka zubo ta ƙarƙashin babban yatsanta, ta juya shi ta kaɗa ko takarda za ta faɗo.

"Kai ka sha aiki," in ji ta. "Wa ya manna maka kunnuwan nan? Sun yi tsaf."

"Matata."

"Ka gaishe ta. Kujera ta ƙarshe, kusa da bango."

Da ya zauna gaban kwamfuta sai ya gane bai tsira ba, wuri mafi muni ya shigo da laifinsa. A saman kowace kujera akwai kyamara, ita kuma Madam Ledbetter tana bayan gilashi tana kallon allo. Kowane shafi zai buɗe sai ya fara leƙa gefensa. Duk da haka littafin ya yi masa biyayya. Ya ja kunne, babi ya buɗe, launi ya nuna masa layi. Tambayoyi suka fara raguwa, numfashinsa ya fara dawowa, har ya soma zargin ko Beto mafarki ya yi.

Sai aka tambaye shi kaurin wayar wutar da ta dace da wani babban inji. Ya ja kunnen jadawalin, ya buɗe. Ga shi nan a gefen shafin, da baƙin fensir, rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: lambar kaya, da ɗan lissafi a ƙasanta. A gefen jadawalin da aka fi tambaya a kai. Ko shi aka nuna wa a littafin wani, satar amsa zai kira shi.

Ya kifa tafin hannunsa a kai. Da ya rufe littafin a hankali ya wuce tambayar, ƙila da babu wanda zai lura. Amma tsoro ba ya barin mutum ya yi tunani, hannu ne ke yin abin da ya saba. Royce ya lasa babban yatsansa ya murza rubutun, yadda yake murje alamar fensir a bango kafin mai gida ya gani. Bango na jure haka. Takardar ta yi baƙi, tabon ya bazu har kan launin ɗorawa. Ya ƙara murzawa da ƙarfi, sai shafin ya yage, ƙarar ta fita a ɗakin da babu mai ko tari.

Ya ji an buɗe ƙofar gilashin. Takalma suka taho a hankali, suka wuce kujerar dogon mai gemu, suka wuce ta kusa da ita. Royce ya ƙura wa allon ido. Ya riga ya amsa fiye da rabin tambayoyin, kuma a ransa ya san wannan karon daidai yake amsawa.

Takalman suka tsaya a bayansa.

"Mista Tackett," in ji Madam Ledbetter ƙasa-ƙasa, "ɗaga hannunka daga kan littafin."