Tankunan Kawu Nasidi

Rashida ta dawo Diffa hutu daga jami'a, inda take karatun injiniya. Aikinta na ƙarshen karatu a kan roba yake: yadda take miƙewa in an ja ta ko an cika ta, da yadda kwamfuta za ta hango haka tun ba a taɓa abin da hannu ba. Ƙarfe kaɗan yake motsawa, lissafinsa da sauƙi. Roba kuwa tana ninka tsawonta, tana sirancewa, taurinta na canzawa tana cikin miƙewa, dole a bi ta taki-taki.

Kawunta Alhaji Nasidi, wan mahaifiyarta, yana da shago a babbar kasuwa. A wannan shekarar ya shigo da tsofaffin tankunan roba daga tsallaken kogin Komadugu, irin waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa, in an cika su da ruwa su kumbura kamar matashin kai. Matan sansanin Assaga ƴan gudun hijira suna so su ɗauki biyu don ruwan sha, amma shugabarsu Yakaka ta ce sai an tabbatar mata ba za su fashe ba. Shi ya sa kawun ya nemi Rashida.

Ta ce tana buƙatar ɗan yanki ta gwada. Ya kai ta sito, ta sa reza ta tsaga gefen guda. Warin da ya buso ya sa ta ja da baya. Cikin tankin baƙin yauƙi ne manne da robar, fararen tsutsotsi na motsi a lungunan da ba su bushe ba. Nan take ta gane ƙazantar da ake kwasowa daga masai aka daɗe ana zubawa a ciki. Ta fita ta yi amai a gindin katanga.

Kawun bai ko toshe hanci ba. Ya ce sabulu da rana za su gyara komai.

"Ni abu ɗaya na tambaye ki, ƴata. Zai fashe ko ba zai fashe ba?"

Ta yi aikin, da mayafi ɗaure a hanci. Ta rataye yankin a reshen bedi, tana ƙara masa nauyin yashi tana auna miƙewarsa. Warin ya kama yatsunta, har ta koma cin tuwo da cokali. Sannan ta zana tankin a kwamfuta, ta raba shi ƙanana-ƙanana kamar idon raga, ta gaya wa kowane yanki yadda zai miƙe, ta shiga zuba masa ruwan lissafi. Da fari ragar ta cukurkuɗe, lissafin ya tsaya. Ta rage girman takin, sai ya tafi sumul.

Jan launi take fatan gani a zanen, don shi ne alamar inda roba za ta yage. Shuɗi da kore kawai suka fito. Ta ƙara ruwa fiye da ƙima, ta jijjiga shi, ta ɗora masa nauyin mutum. Tankin ya kumbura, ya yi rawa, ya koma daidai. Ta zauna tana kallon wannan abu mai tsabta a fuskar kwamfuta.

Da kawun ya zo, ta gaya masa gaskiya: ba zai fashe ba, amma ko jaki bai kamata ya sha daga ciki ba. Rabin farko kaɗai ya ji. Ya ɗauki hoton da wayarsa, ya tura wa Yakaka, yana cewa ƴarsa injiniya ta tabbatar da kayan.

Da safe Rashida ta ƙulle yankin robar a leda, ta hau kabu-kabu zuwa Assaga. Ta sami Yakaka a rumfarta, ta gaishe ta, ta miƙa mata ledar. Matar ta kwance, ta kai kusa da hanci, ta kau da kai ta tofar da yawu. Ta dubi Rashida ta ce, da Hausarta mai harshen Barebari, "Wannan ne za mu ba yaranmu?"

Cinikin ya mutu a nan. Alhaji Nasidi ya zo gida ya shaida wa mahaifiyar Rashida cewa ƴarta ta kunyata shi a gaban baƙi, ya daina amsa gaisuwar Rashida. Bayan ƴan kwanaki aka ga an loda tankunan a mota, an bi hanyar garin Maine da su. Rashida ta kira wani abokin karatunta a Foulatari, can wajen Maine, ta roƙe shi ya sa ido a kasuwanni ko za a fito da tankunan. Ya ce to, amma bai sake kira ba.