Kubura Tana Tuya

"Ki ce masa ina tuya," in ji Kubura, ko kai ba ta ɗaga ba.

Rumaisa na tsaye a bakin rumfar, mayafi a karkace, idanu jajur. "Malama, don girman Allah. Tun asuba sunanki yake kira. Ya ce akwai maganar da zai faɗa, kuma yana neman ki yafe masa."

"Wace Malamar? Ai mijinki ya tuɓe min wannan sunan da hannunsa. Mai waina ce ni yanzu, kuma ga ta a wuta."

Ta juya guda ɗaya a tanda, mai ya yi ƙara. Rumaisa ta ɗan ƙara tsayawa, sannan ta koma gida tana share ido.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Kubura da na Malam Bashiru, mijin Rumaisa, tsohon hedimastan firamaren unguwarsu a Kontagora. Shekaru ta yi tana koyarwa a ƙarƙashinsa. Shekarar da mahaifiyarta ta kwanta ciwo a Rijau, ta same shi a ofis tana neman izinin tafiya jinya. Shi da bakinsa ya ce, "Je ki abinki. Ki kawo ƙanwarki Shamsiyya ta riƙe miki ajin, ai haka ake yi." Kuma haka ɗin ake yi. Malami in tafiya ta kama shi, sai ya ajiye wani nasa a gaban allo, gudun kada yara su wuni suna kokawa a kan benci.

To amma dokar ƙasa ta riga ta ce wanda ba shi da rajistar malanta ba ya tsayawa gaban aji, Shamsiyya kuwa sakandare kawai ta gama. Masu duba makarantu suka faɗo ba sanarwa, suka tarar da ita da alli a hannu. Da magana ta kai gaban kwamitin ladabtar da malamai, Malam Bashiru ya gyara hula, ya dubi mutanen nan tsakar ido ya ce shi bai san da wata Shamsiyya ba. Aka soke sunan Kubura daga rajista. Shi kuwa ya yi ritaya lafiya lau, har da walima da sabuwar babbar riga.

Ta yi ta zarya ofishinsa a lokacin, tana roƙon ya faɗi gaskiya. Sai ya bar ta a bencin baranda, rana na dukanta, ya aiko masinja ya ce mata yana aiki. Wannan bencin bai taɓa fita daga ranta ba.

Da hantsi Malam Yohanna ya faka mashin ɗinsa a gaban rumfar. Shi ne wakilin ƙungiyar malamai, shi kaɗai ya tsaya mata tun farko.

"Malama Kubura, daga wajensa nake. Jikin nan ya yi nisa fa. Kin san abin da na sha gaya miki, in ya amsa a gaban shaidu cewa shi ya ba ki izini, za mu ɗaukaka ƙara, kuma ina sa ran a mayar miki da lasisinki. Tashi mu shiga yanzu, ga wayata, in ɗauki muryarsa."

Babu abin da take so a duniya kamar ta sake tsayawa gaban allo, yara su miƙe su gaishe ta. Amma ta danne.

"Ba yau ba. Sai jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, masu dubiya sun cika ɗakin. A gaban mutane ya ƙaryata ni, a gaban mutane zai wanke ni. Kafin nan ya ɗan ɗana jira, ya ji yadda yake."

"Ciwon nan ba zai jira ki ba."

"Ni na jira shi, ban mutu ba."

Yohanna ya girgiza kai, ya tada mashin.

Ranar Alhamis Rumaisa ta sake zuwa, amsar dai ita ce, ana tuya. Ta bayan katanga Kubura na jiyo tarinsa, wani lokaci har da sunanta a ciki, a shaƙe. Gaskiyar magana, daɗi take ji. Duk kiran da ya yi sai ta ji kamar an rage mata wani kaya a ƙirji, ta ƙara itace a murhu tana cewa a ranta, kira dai, Hedimasta, ni ma na kira.

Juma'a ta zo. Ba ta hura wuta ba. Ta ciro atamfar ƙungiyar malamai daga ƙasan akwati, wadda rabonta da ita tun ranar kwamiti, ta goge ta tas, ta kafa ɗauri. Ana saukowa daga masallaci ta shiga gidan, Yohanna na biye da ita.

Falon ya cika yadda take so. Ga limamin unguwa, ga tsofaffin malamai, ga maƙwabta a kan tabarma. Malam Bashiru na kwance a katifa, ya zama ƙashi da fata, bakinsa ya karkace gefe guda.

Rumaisa ta tare ta a bakin ƙofa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Tun daren jiya harshensa ya ɗauke, Malama. Ko ruwa ba ya iya nema."

Kubura ta wuce ta kamar ba ta ji ba. Ta durƙusa a gefen katifar.

"Malam, ga ni na zo. Faɗa musu, wa ya ce in kawo Shamsiyya?"

Idanunsa suka juyo kanta, ya gane ta sarai. Leɓensa ya motsa, wani gurnani ya fito, miyau ya biyo gefen baki. Yohanna ya matso da wayar kusa, ba ta ɗauki komai ba sai numfashi.

"Malam, kalma ɗaya ce. Ka ce ni ne."

"Baiwar Allah, ki yafe masa kawai," in ji liman. "Kin ga halin da yake ciki."

Ba ta ko waiga ba, don ta ga ɗan yatsansa na dama yana motsi a kan zanin gado, yana ja, yana lanƙwasawa, yadda yake yi da alli. Ta san rubutun mutumin nan, daga ƙarshen aji tana iya karanta shi. Ta sunkuya har ɗaurinta ya zame, tana bin yatsan da ido. Ba ta gane ko harafi ɗaya ba.

Liman ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada. Yatsan ya ƙara jan layi ɗaya gajere, ya tsaya.

Ɗakin ya ɗauki salati. Maza suka ɗaga shi zuwa wajen wanka, Yohanna ya mayar da wayarsa aljihu ya fita. Kubura na nan durƙushe a cikin atamfarta, idonta a kan 'yan layukan da yatsan ya bari a jikin zanin. Rumaisa ta zo tana kuka a hankali, ta sa tafin hannu ta shafe zanin daga sama har ƙasa, ya kwanta sumul.