Ƙudan da Ya Koya Mini Fatsa

Tun hantsi muke bakin kogin Clarence, daidai inda yake shiga teku. Gwaggo Noelene ta kama kifi huɗu, ni ko ɗaya, alhali kifin roba iri ɗaya muka ɗaura a ƙugiya don yaudarar kifi.

"Kai Darcy, wa ya biyo ka?" in ji ta. "Kifin nan kwance yake cikin yashi, malalaci ne kamar kawunka. Fizga sau biyu, ka tsaya, ka bar robar ta nutse."

"Na ji, Gwaggo," na ce, na ci gaba da naɗe zare kamar injin niƙa.

Can sai ƙuda ya faɗa mini hanci. Na zabura, sandar fatsata ta fizgu sau biyu, na daina naɗi ina ta zagi. Kafin in gama atishawa, sandar ta lanƙwashe. Kifin da muka jawo ya kai tsawon hannuna.

Gwaggo ta yi dariya har hularta ta faɗa ruwa.

"Shekara uku ina fama da kai, ƙuda ya gama aikin cikin minti ɗaya. Gobe shi zan gayyato, kai ka riƙe masa sanda."