Ganyen Kwakwa a Bakin Mashigin Ivo

Ba a daɗe da binne mahaifiyar Sevese ba, kawunsa Pukari ya kafa doguwar gora a bakin mashigin Ivo, inda ruwan teku ke kutsawa cikin ƙasa, ya ɗaura mata ɗanyen ganyen kwakwa. Tambu ke nan, alamar hana shiga. A wannan ruwa marigayiya ta ƙare rayuwarta tana kamun ƙaguwa, saboda haka babu mai shigarsa sai an yi bukin fita makoki. Duk ƙauye aka yaba wa Pukari, aka ce ya san darajar ƙanwarsa.

Sevese ma ya yaba, har ranar da iska ta juyo daga wajen mashigin. Shi mai tuƙa ƙaramin jirgin ruwa na fasinja ne, hancinsa ya san warin mai ko cikin barci. Ya hau doguwar bishiyar kwakwa a bayan gidansu ya hango. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, saiwoyin itatuwan gaɓa sun zama kamar an tsoma su a kwalta. Bututun kamfanin mai da ke can cikin teku ya fashe kwanakin baya, kuma an faɗa a rediyo cewa ɗan kaɗan ne ya zuba, igiyar ruwa ta yi waje da shi. Ashe nan igiyar ta kawo shi. Ga mata suna jefa koma a ƙasan mashigin ba su sani ba. Yara sun fara ƙuraje, matarsa Horepa mai tsohon ciki kuwa ko me ta ci sai ya dawo.

Ya sauko ya sami kawun nasa a rumfa yana taunar buai, goron ƙasarsu, bakinsa ja wur. Sabon inji mai tambarin kamfanin na sheƙi a bayan jirgin tsohon. Sevese ya tambaye shi ko marigayiya ce ta aiko da injin daga kabari. Pukari ya tofar da jan yawu kusa da ƙafarsa.

"Ɗan ƙanwata, kai da ka kasa zaman aji, yau kai ne za ka koya mini al'ada? Taɓa ganyen nan ka gani. Uwarka za ka tsallaka, ba ni ba."

Washegari da hantsi, teku a cike, wata jami'ar muhalli mai suna Evera ta iso daga babban gari a cikin farin jirgin kamfani. Wani mutumin kamfanin ya zagaya da ita gaɓar da aka share tas, ta ɗauki hoton yashi. Da suka zo bakin Ivo ta ga ganyen, ta tambaya, aka ce mata makoki ne. Ita ma 'yar gaɓar nan ce, ta sunkuyar da kai ta ce gwamnati ba ta tsallaka tambun mamaci. Ruwa ya fara janyewa. In ya sauka, jirgi ba ya shiga mashigin, ita kuwa ba za ta kwana ba.

Sevese na cikin jirginsa yana jin duk wannan. Hasu da Morea, 'ya'yan Pukari, suna gadin gorar a kwalekwale, adduna a kan cinya. Tare aka yaye su da shi, tare suka ci duka a makaranta. Hasu ya ɗago masa hannu yana dariya, ya ce ɗan'uwa ya koma gida ya dama wa matarsa kunun sago, nan ba wurin marayu ba ne.

Sevese ya murɗa inji har ƙarshe.

Hancin jirgin ya daki kwalekwalen a tsakiya ya tsaga shi. Morea ya wuntsila cikin ruwa. Hasu ya yi tsalle ya faɗo cikin jirgin, ya kawo sara. Addar ta sauka a kafaɗar Sevese, ya ji ta tsaya a ƙashi. Bai ji zafi ba tukuna, ɗumi kawai ya ji yana gangara cikin rigarsa. Ya rarumi filafili da ɗaya hannun ya maka wa Hasu a baki, haƙora suka zubo a ƙasan jirgi. Suka kama kokawa, jini ya sa ƙafa ba ta tsayuwa. Morea ya kamo gefen jirgin zai hau, Sevese ya take masa yatsu da diddige har ya ji sun yi ƙara. Jirgin babu matuƙi ya bi ta kan gorar, ya kwantar da ita, farfela ta markaɗe ganyen. Daga gaɓa mata suka ɗora hannu a ka, wata tsohuwa tana kiran sunan marigayiya.

Suna shan kwanar farko injin ya shaƙe ya mutu. Hasu ya ɗago zai sake sara, sai ya ga abin da ke kewaye da su. Ƙaguwa a kife ba iyaka, kififiya ta kumbura a cikin saiwoyi, wari na yanka ido. Ashe shi ma bai taɓa shigowa ba, uban ya ce ya tsare bakin mashigin kawai. Addar ta tsaya a sama.

Sevese bai jira ya ga inda za ta sauka ba. Ya mirgina ya faɗa cikin baƙin ruwan. Man ya shiga raunin kamar garwashi, ya shiga baki da hanci. Ya bar ruwan da ke janyewa ya ja shi waje, yana iyo da hannu guda, yana amai.

Da ya kama gefen farin jirgin, babu wanda ya gane shi sai da ya buɗe ido. Mutumin kamfani ya ce wa direba ya ja, Evera ta daka masa tsawa, ta sa hannu biyu ta jawo Sevese ciki. Man ya ɓata mata riga har wuya. Ta dubi tafinta, ta shinshina.

"Ranki ya daɗe, ke ba ki tsallaka ba," in ji Sevese, numfashi na yanke masa. "Ni na tsallaka. Ga abin da ke ciki."

Ta ciro waya ta fara ɗaukarsa daga kai har ƙafa, ta ce ya faɗi sunan mashigin da ƙarfi.

Pukari ya shigo ruwa har gwiwa, ya yi shela kowa na ji cewa daga yau ƙanwarsa ba ta haifi ɗa ba, kuma in Sevese ya sare ko bishiyar sago ɗaya a ƙasar dangi, a bakin ransa. Sevese ya san maganar ta zauna, tambun mamaci ba a karya shi a yafe. Ya rufe ido, jirgin ya juya zuwa asibiti.

A gaɓa, matan da suka fito da kamun safe sun tsaya cirko-cirko da kwanduna. Horepa ce ta fara kife nata a kan yashi, ta buge hannun wani yaro da ya kai wa kifin cafka.