Yi Kamar Ba Ka Nan

Ranar da na buɗe kabad zan ɗauki ɗankwali na tarar da mijina a ciki, ya naɗe kamar tabarma yana minshari a kan takalmana na fita unguwa, na san haƙurina ya ƙare. Karo na huɗu ke nan a wata guda. Ga gado nan ƙato, amma bawan Allah ba ya runtsawa a kai, sai juyi da zabura, gari ya waye a neme shi a rasa.

"Ni ce dodon da kake gudu?" na daka masa tsawa.

Ya buɗe ido ya kafe ni da su, amma wallahi babu kowa a ciki. Haka yake yi a shagonsa na aski. Wani direba ya taɓa ɗaga masa murya, sai ya tsaya cak da inji a hannu, har mutumin ya gaji ya fita da rabin kai a aske.

Na ce wa mijina ko ya riƙa kwana a gado ko in koma gidanmu. Ya rantse bai ma san ya shiga ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

*

Na kai ƙara wajen surukata, na same ta tana tsintar shinkafa. Ban kai ƙarshe ba ta fashe da dariya har da share hawaye.

"Au, har yanzu? Yo ai ni na koya masa, 'yar nan."

"Shiga kabad ɗin, Mama?"

"Babansa, Allah ya jiƙansa, akwai saurin hannu. Da na ji tsayuwar babur ɗinsa sai in cusa yaron cikin kaya in ce, 'Yi kamar ba ka nan.' Ko tari ba ya yi. Wani lokaci har safe, sai na je ɗaukar zane nake tunawa da shi. Yaro mai jin magana, ba irin na yanzu ba."

Na tuna yawan tsawar da na sha yi masa, kunya ta rufe ni.

"To Mama, da Baba ya rasu, kin ce masa ya fito?"

Ta buɗe baki za ta sake dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ta sunkuyar da kai kan tire, ta ci gaba da tsinta da yatsunta biyu da suka taɓa karyewa suka ɗoru a karkace.