Ciyawar Ƙofar Gidan Inna Barira

Shekara tara Bunyaminu ya yi a Kwatano yana gyaran ciyawar wani otal. Ya dawo Bagudo da ciwon baya da wani tsohon injin yankan ciyawa, wanda sai an ja igiyarsa sau goma kafin ya yi tari ya tashi. Da shi yake son kafa sana'a. To amma a garin da ciyawa abincin tumaki ce, wa zai biya mutum ya dasa ta, ya kuma riƙa dawowa yana yi mata aski? Ya zaga makarantu, ya zaga ofisoshi, har Kaoje ya je. Ko'ina sai a ba shi ruwa, a saurare shi da ladabi, a raka shi bakin ƙofa.

Mutum ɗaya ne ya tsaya ya ji shi, Alhaji Lauwali, mai gina masaukin baƙi a hanyar iyaka. Ya ce shi ba ya sayen abin da bai gani ba, amma in aka nuna masa fili guda kore shar, a shimfiɗe kamar tabarma, aikin masaukin na Bunyaminu ne.

Sai Bunyaminu ya mai da ƙofar gidan mahaifiyarsa, Inna Barira, wurin gwaji. Ya ɗauko irin ciyawar daga tsallaken iyaka a jiƙaƙƙen buhu, ya dasa shi tsinke-tsinke a tsugune. Wata huɗu yana korar awaki, yana tsince tafasa da ƙaya, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Bayani kuwa ya yi wa maƙwabta har bakinsa ya gaji. Su ce "to, to, Allah shi taimaka," su wuce suna tausayin tsohuwar da ƙofarta ta koma kamar ta kango.

Saura kwana uku Alhaji ya zo, injin ya ce bai san zancen ba. Ciyawa kuma ta yi tsawo, tana bukatar aski. Dole ya hau babur ya tsallaka iyaka zuwa garin Segbana neman kayan gyara. Ruwa ya dake shi a hanya, laka ta kayar da shi sau biyu, bai dawo ba sai hantsin ranar da aka yi alkawari, jikinsa duk ya mutu.

Tun daga nesa ya hango taro a ƙofar gida, ya ɗauka rasuwa aka yi. Da ya matso sai ya ga fartanyoyi. Fili ya yi fes, jar ƙasa zalla, an share har an yayyafa ruwa. Ciyawarsa tana tsibi a gefe, awakin unguwa sun kewaye ta.

Ɗanaudu, aminin marigayi mahaifinsa, dattijon da ya haura saba'in, ya taso dafe da ƙugu, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Maraba, ɗana! Mun jiya baƙonka na tahe yau. Nic ce ma jama'a, ina mutum ka cewa sana'atai yankan haki, a ishe ƙohwar gidansu cike da haki? Ai Alhaji na gani shi juya. Tun da sahe muna nan, mu goma sha ɗaya."

Bunyaminu ya dubi Inna. Tana tsaye a bakin zaure da ƙwaryar furar da ta dama wa masu aiki.

"Na hwaɗa musu kana son ta," in ji ta, a hankali. "Sunka ce ruhwa maka asiri nika yi."

Ba ta ɗago ido ba, amma ya ga fuskarta a sake, abin da rabonsa da gani tun farkon damina. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya so ya yi ihu, sai ya rasa ƙarfin yi, ya kuma rasa wanda zai yi wa. Mutanen nan gonakin shinkafarsu suka baro saboda shi.

Ɗanaudu ya matso, ya dafa kafaɗarsa.

"Kwantar da hankalinka, ba aikin sama-sama munka yi ba. Har saiwa munka tone, ba ta ƙara tsira."

Bunyaminu ya jingine babur, ya durƙusa kamar yadda ake yi wa uba.

"Sannunku da aiki, Baba. Allah shi saka da alheri."

"Amin, amin. Yaushe na Alhajin ka isowa?"

"Bayan la'asar."

"To madalla," in ji Ɗanaudu, yana gyara zama a inuwa. "Ba mu tahiya ko'ina. Muna nan mu tarbe shi tare da kai."