Jifan Malam Ilya

Shekara goma sha biyu Malam Ilya yana Paris, babu wanda ya yarda cewa ya taɓa buga wa Najeriya kurket, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, a ƙasashen waje. In ya fara labarin yadda yake murza ƙwallo da yatsu ya dira ya karkace, sai maƙwabtansa 'yan Nijar su kwashe da dariya.

Wata Lahadi ya ziyarci 'yarsa a Lyon. Surukinsa Affan ya ja shi filin unguwa, inda tsofaffi ke petank, wasan jefa ƙwallon ƙarfe kusa da ɗan ƙwallon katako.

"Baba, daga ƙasa ake jefawa, a hankali," in ji Affan.

Ina! Hannu ya riga ya tuna. Malam Ilya ya goge ƙwallon a wandonsa, ya ja baya, ya sheƙo, ya wulwula hannu ta saman kai. Tsofaffi suka watse, wani har da barin hula. Ƙwallon ya dira can gefe, ya yi kwana kamar an kira sunansa, ya kwanta jikin katakon.

Malam Ilya ya yi tsalle yana ihu, yana neman alƙalin wasa. Babu alƙali, sai Affan a bayan bishiya.

"Baba, doka ta hana wannan jifan!"

"Ta hana ɗin! Ka ga kwanar ko ba ka gani ba?"

"Wallahi na gani."

Malam Ilya ya miƙa masa waya. "To kira mini Paris, ka faɗa wa maƙwabtan nan nawa da bakinka!"